Yadda Gwaggonku Rukayya Ta Tafi Tsibirin Nikurua

Aisha, Faruk, da ke Ummi da aka haifa bayan komai ya wuce, wannan babi naku ne fiye da sauran. Na san abin da ake faɗa a cikin dangi game da tafiyar gwaggonku Rukayya. Wasu sun ce ni na kore ta, wasu sun ce gudu ta yi da wani bare. Duk ba haka ba ne. Amma gaskiyar ma ba ta wanke ni ba, shi ya sa duk lokacin da kuka tambaya nake kewayewa. Yanzu shekaru sun ja, gara ku ji daga bakina.

A lokacin ina shekara ta uku a karatun digirin digirgir a fannin labarin ƙasa, a babbar jami'ar da ke Lembah Pantai, a ƙasar Malesiya. Muna zaune a Pantai Dalam, hawa na tara, a gida mai ɗaki biyu wanda tagar falonsa ke kallon layin dogo. Aisha ta shiga makaranta, in an yi mata magana da Hausa sai ta amsa da Malayanci. Faruk yana rarrafe. Rukayya ita ce autarmu, kuma tun rasuwar Baba, Inna ta damƙa min ita. Ni na kawo ta Malesiya karatun aikin jinya a wata kwaleji da ke wajen Taman Melati. A can take zaune da 'yan mata uku, ranar Juma'a da yamma ta hau jirgin ƙasa na cikin gari, LRT, ta zo mana, ta tsaya shagon abincin Indiyawa da ake kira mamak a ƙasan benenmu, a ƙunsa mata roti, burodinsu mai faɗi, ta hawo da shi da zafinsa. Ita da mamanku Binta kamar 'yan ciki ɗaya suke, in suka shiga kicin har sai na yi magana kafin abinci ya fito.

Abin ya fara ne da tambayoyi a kan tabarmar cin abinci. Rukayya da ba ta taɓa damuwa da karatuna ba sai ga ta tana tambaya ko da gaske ne akwai ƙasar da babu kogi ko ɗaya a cikinta, da yadda mutanen irin wannan wuri suke samun ruwan sha. Wani mako ta tambaya ko tsibiri yana iya nutsewa. Ni kuwa daɗi ya kama ni, na ture kwano gefe ina zana mata da yatsa yadda murjani yake taruwa a hankali a kan tsohon dutsen da ya nutse a teku, har ya zama zobe na ƙasa da tafki a tsakiyarsa. Na lura mamanku tana sunkuyar da kai tana murmushi, amma ban kawo komai a raina ba. Sai ranar da Rukayya ta tambaye ni kwana nawa mutum zai yi daga tsakiyar tekun Pasifik zuwa Kano. Na dube ta. Ta ɗauki Faruk ta shige ɗaki.

Binta ce ta faɗa min washegari. Akwai wani ɗalibi mai karatun injiniyan ruwa a jami'ar da ke kusa da su Rukayya, mutumin wani ɗan tsibiri da ake kira Nikurua. Sunansa na gida Tevita, ya musulunta shekara biyu da suka wuce ya zama Dauda. Yana so ya zo ya gaishe ni.

Dole in gaya muku halin da muke ciki a shekarun nan, ba don in wanke kaina ba. Duk inda 'yan Najeriya suka taru bayan sallar Juma'a, labari ɗaya ake yi: an yaudari wata yarinya da maganar aure, an ba ta jaka ta kai wa wani a wata ƙasa, an kama ta a filin jirgi da abin da ba ta san yana ciki ba. Wasu labaran ƙari ne, wasu kuwa mun san iyayen yaran. Kowa ya san hukuncin wannan laifi a nan ba wasa ba ne. Saboda haka da na ji an ce mutum ne daga wurin da ko ni mai karatun taswira sai da na sa tabarau na neme shi, abin da ya fara zuwa raina shi ne, wa zai iya binciken mutumin da ya ce daga can yake? Wane ne ya san ubansa? Mutum yana iya zaɓen irin wannan wuri ne saboda babu mai ƙaryata shi.

Ya zo ranar Asabar bayan azahar. Ƙato ne, sai da ya ɗan rusuna a ƙofa, amma muryarsa ƙasa-ƙasa take. Ya ƙi hawa kujera, ya zauna a ƙasa ya naɗe ƙafa, ya kira ni Yaya kamar yadda aka koya masa. Ni kuwa ban karɓe shi a matsayin baƙo ba, jarrabawa na yi masa. Na ce ya ba ni labarin garinsu. Ya ce ƙasar tasu siririya ce, a wasu wuraren mutum yana tsaye yana ganin ruwa ta dama da ta hagu. Ta ciki tafki ne kore shar, kwance, yara suna wasa a cikinsa, ta waje kuwa teku ce mai duhu da ke dukan murjani dare da rana. Ba su da kogi, ruwan sama suke tara wa a tankuna, rijiyoyinsu kuma gajeru ne, ruwansu yana hawa yana sauka tare da cikar teku. Suna haƙa ramuka su shuka gwaza a ciki, suna da kwakwa, da wani ɗan itace da in an gasa yake ɗanɗanon doya. Jirgin sama sau ɗaya yake zuwa a mako, kuma filin da yake sauka shi ne filin ƙwallon matasa, sai an busa jiniya an kori aladu da karnuka kafin ya sauko. Ya ce baƙi kaɗan suke zuwa, masu nutso don kallon kifaye, da masu son ganin kunkurun teku suna fitowa yin ƙwai a wani ɗan tsibiri na can ƙarshen tafkin, inda tsuntsaye suka yi yawa har ba a jin magana.

Duk abin da ya faɗa daidai yake da abin da ke cikin littattafaina. Maimakon hankalina ya kwanta sai na ce a raina, ai littattafan nan kowa yana iya karantawa.

Bayan mako biyu na gayyace shi Juma'a a Kampung Baru. Da aka idar muka zauna a wata rumfar abinci, ya saki jiki, yana ba ni labarin ƙuruciyarsa. A cikin hira ya ce suna yara a gida sukan hau dutse har inda gajimare yake taɓa kansu, su sauko su yi wanka a inda ruwa yake zubowa daga sama. Na ajiye cokali. Tsibirin murjani ba shi da dutse. Wurin da ya fi ko'ina tudu a irinsa bai kai tsayin benen masallacin da muka fito ba, kuma shi da bakinsa ya ce min ba su da kogi. Da na tambaye shi a nan take, da maganar ta ƙare kafin shayinmu ya huce. Ban tambaya ba. Na ji wani irin daɗi na wanda ya kama ɓarawo, na biya kuɗin abinci, muka yi sallama da fara'a.

Daga ranar na zama wani mutum a gidana. Na bar rubutun da malamina yake jira, na koma laburare ina buɗe taswirorin teku, na tabbatar babu dutse a Nikurua. Na je wurin limamin ƙaramin masallacin da Dauda ya musulunta, wani dattijo Bamalaye, ya yabe shi ya ce ba ya fashin jam'i, shi yake share masallacin ranar Alhamis. Na fito ina cewa ai mayaudari dole ya fi kowa nuna kirki. Na ce da Rukayya ta kawo fasfonta in ajiye mata, wai ana yawan sata a ɗakunan ɗalibai. Ta kawo ta miƙa min. In wayarta ta yi ƙara tana kicin, sai in tsinci kaina a bakin ƙofa ina gyara abin da bai lalace ba. Binta ta yi min magana ba sau ɗaya ba, ta ce in akwai abin da na gani in faɗa, in babu in bar yarinya ta sha iska. Ban gaya mata maganar dutsen ba. Ina ajiye ta ne don ranar da zan tara kowa in tona shi.

Wata Juma'a Rukayya ta zo da wani ƙunshi a hammata, girmansa kamar matashin kai, an naɗe shi da leda an ɗaɗɗaure da salatif ta ko'ina. Ta ce wani mutumin ƙasar su Dauda ne ya zo da shi daga gida, Dauda ya ce ta ajiye a wurinmu, kada a buɗe sai ya zo da kansa ranar Asabar mai zuwa. Ta ɗora shi a kan kabad ɗin ɗakin yara. Na tambaye ta me ke ciki, ta ce ba ta sani ba. Na tambaye ta ta hau jirgi da shi tun daga Taman Melati, ta wuce 'yan sanda a tasha, ba ta san abin da ta ɗauko ba? Ta ce e.

Kwana biyu ina kallon kabad ɗin nan. Ranar Lahadi da hantsi, Binta tana shanya a baranda, Rukayya tana yi wa Aisha kitso a falo, na sauko da ƙunshin, na ɗauko wuƙar yanka nama daga kicin. Rukayya ta miƙe.

"Yaya, don Allah ka bari ya zo."

"In ya zo ai ya riga ya shirya abin da zai faɗa."

Na soka wuƙar a tsakiya na ja, saboda a tunanina abin da nake nema a can ciki aka cusa shi. Wuƙar ta shiga da sauƙi. Da na yaye ledar sai ga tabarma a ninke, amma ba irin wadda kuka sani ba. Saƙarta siririya ce kamar yadi, laushinta kamar zane, an yi mata baki da jan gashin tsuntsu. Na zazzage ta, na duba kowane ninki. Babu komai. Da na shimfiɗa ta a ƙasa sai ga inda wuƙa ta bi, ta ratsa ninki uku, ta bar tsaga uku a jere. Binta ta shigo da bokiti a hannu ta tsaya.

Ban ma bari kunya ta gama kama ni ba na fito da makamin da na ajiye. Na ce to ko ba komai a nan, mutumin maƙaryaci ne, ya ce min ya hau dutse a garinsu alhali ƙasarsu ba ta da dutse. Rukayya ta durƙusa tana haɗa bakin tsagar da yatsunta, ba ta ɗago ba.

"Garin kakanninsa na wajen uwa ne mai dutsen. Wani tsibiri ne daban, kwana biyu a jirgin ruwa. A can ya yi sakandare. Duka biyun gida yake ce musu. Da ka tambaye shi, Yaya. Ko ni da ka tambaya."

Dauda ya zo ranar Asabar kamar yadda ya ce, sanye da farar riga. Ni na nuna masa ɓarnar da hannuna, wannan kaɗai zan iya cewa na yi daidai. Ya daɗe yana shafa wurin. Ya ce a al'adarsu namiji ba ya neman aure hannu sake, da irin wannan tabarma ake zuwa gidan iyayen yarinya. Mahaifiyarsa ta fara saƙa ta tun ranar da wasiƙarsa ta isa gare ta, da ganyen wani itace mai kama da kaba, ta yi wata da watanni a kanta, kuma idonta ya fara rauni, ba ya jin za ta ƙara saƙa wata. Ya tambaye ni me nake nema a ciki. Na faɗa masa gaskiya. Ya gyaɗa kai ya ce shi ma yana jin labaran, da yana da ƙanwa a baƙuwar ƙasa watakila da ya ji irin wannan tsoro. Na so ya yi fushi, da ya fi min sauƙi.

"Me za ka ce wa mahaifiyarka?" Binta ce ta tambaya.

"Zan ce mata ta iso."

Za ku zaci a ranar na amince. Ban amince ba, kuma wannan shi ne laifin da ya fi na wuƙar. Na kasa yarda a ce na yi kuskure gaba ɗaya, sai na sauya dalili. Na koma maganar nisa, da aladu, da rashin masallaci, da cewa teku tana cin ƙasar tasu. Waɗannan duk gaskiya ne, amma ba su ne a raina ba. Shekara guda cur na riƙe maganar. Rukayya ba ta yi min rashin kunya ba ko sau ɗaya. Ta ci gaba da zuwa ranar Juma'a, ta gaishe ni a tsaye, ta wuce kicin. Hirar kan tabarmar abinci ta mutu. Aisha, kina iya tuna lokacin da kika tambaye ni me ya sa Gwaggo ba ta dariya in ina falo.

Inna ce ta raba gardamar ta waya. Ashe Binta ta gaya mata komai. Ta tambaye ni ko yaron yana salla, na ce yana yi. Ko yana da abin yi, na ce gwamnatinsu tana jiransa ya koma ya kula da ruwan sha. Ko ita tana so, na ce tana so. Ta ce to me nake nema? Na ce Inna, nisa.

"Kai da ka ɗauke ta daga gabana ka kai ta Malesiya, kusa ka kai ta? Ka ɗaura musu aure."

A masallacin Kampung Baru aka ɗaura, ni ne waliyyi. Da na miƙa mata fasfonta ta karɓa da hannu biyu ta ce ta gode, irin godiyar da ake yi wa ma'aikacin ofis. Suka tafi bayan ta gama karatu. Daga nan duk labarinta ta hannun mamanku nake ji: ta fara aiki a ɗakin shan magani na tsibirin, ta haihu, ta koyi yarensu, wata shekara teku ta cika ta shiga ramukan gwaza ta ɓata rijiyoyi. In na karɓi waya mukan gaisa, ta tambayi aiki, ta ce in ba ta Binta. Nisan da na fake da shi kuwa ya zo ya same mu da gaske. Ranar da Inna ta rasu, jirgin makon ya riga ya bar tsibirin da kwana ɗaya. Rukayya ba ta iso Kano ba sai bayan sadakar bakwai. Na gan ta tsaye a ƙofar ɗakin Inna da jakarta a hannu, na sunkuyar da kai, domin na san shekarar da na cinye mata a banza, da a cikinta ita da Dauda sun samu zuwa ganin Inna kafin su wuce tsibirin.

Sai da na ajiye aiki muka je, ni da mamanku. Jirgi uku muka hau, na ƙarshen ƙarami ne, ana jin iska tana wasa da shi. Abin da na shekara talatin ina koya wa ɗalibai a allo na gan shi ta taga, zoben ƙasa siriri kamar zare, tsakiyarsa kore. Mun yi mako biyu. Dauda ya kai mu cikin kwale-kwale har tsibirin tsuntsaye, mamanku ta leƙa ruwa ta ga kifaye masu launin atamfa ta ce ita ba za ta iya cin waɗannan ba. Duk inda muka bi da Rukayya mata suna kiranta daga ƙofar gida, rabin yaran garin a hannunta aka haife su. 'Ya'yanta uku suna jin Hausa, suna yin ta da wani irin lanƙwasa. A gefen gidansu akwai ɗan ɗakin salla da Dauda ya gina, gidaje huɗu ne suke taruwa a ciki. Mahaifiyarsa ta riga ta rasu. Na nemi gafarar Rukayya a kwana na uku, ta ce ta yafe tun tuni, kuma na yarda, amma yafiya daban, sakin jiki daban.

Ana gobe za mu taso, da la'asar, ta ce in zo in ga wani abu, in taho da kamfas ɗina mai nuna gabas da yamma. Muka bi ta cikin kwakwa mu uku, ita da ni da Dauda, har wani ɗan fili da aka kewaye da fararen duwatsun murjani, ana jin rugugin teku ta bayansa. Ta ce dangin Dauda sun ba musulmin tsibirin wannan wuri don maƙabarta, ba a sa kowa ba tukuna. An kafa turaku biyu an ja igiya a tsakaninsu.

"A nan za a sa ni, Yaya. Ba zan so a ɗauki gawata ana yawo da ita a jirage ba. Dauda ya fitar da alƙibla, amma ina so ka duba da kanka."

Na dubi Dauda. Ya ja da baya ya ba ni wuri, ya harɗe hannuwa a baya. Na durƙusa da ƙyar, gwiwoyina suna ƙara, na ɗora kamfas a kan igiyar. Allurar ta yi rawa ta tsaya. Yamma, da ɗan karkata zuwa arewa. Idona ya cika har na daina ganin lambobin, amma na riga na gani.

"Daidai yake," na ce. "Ba sai an taɓa komai ba."

Rukayya ta miƙo hannu ta kama ni ta tashe ni tsaye, kuma ba ta saki hannun ba har muka isa gida.